Ruwa na yoyo ƙarƙashin gida ba a gani: tambayoyin da masu gidaje a Sakkwato ke yawan yi

Assalamu alaikum. Waɗanga tambayoyi su ne kullum ke dawowa duk sanda anka ɗauko maganar danshi a gida, musamman daga masu gidajen bulo da tayil irin na Arkilla, Mabera, Bado, Gidan Dare da sauran unguwannin da ake binne fayif ƙarƙashin daɓe. Na tara su wuri guda don mutum ya karanta kafin ya bari a ɗauko guduma a fara fasa mishi falo.

Mi ake nufi da yoyon ƙarƙashin fandisho? Ni fa ban ga ruwa ko'ina ba.

Ai rashin ganin shi ne matsalar, Malam. Lokacin gini, kafin a zuba kankaren daɓe, fulamba na shimfiɗa fayif iri biyu cikin cikon ƙasa: na ruwa mai kyau da ke saukowa daga tanki zuwa bayi da kicin, da kuma na ruwan datti da ke fita zuwa sokawe ko kwata. In ɗaya ya tsage ko mahaɗarshi ta saki, ruwan ba sama zai yi ba, ƙasa zai bi, kuma ƙasarmu ta nan mafi yawanta rairayi ce mai shan ruwa, tana iya shanye yoyo wata da watanni ba ta nuna komai ba. Sanda za ka ga jiƙa a gindin bango, abin ya daɗe da farawa.

To waɗanne alamu zan lura da su?

Ta farko ba a bango take ba, a tanki take. Tankin da da yake kai ku kwana biyu yanzu kullum sai an tada sumo, wato injin da ke turo ruwa daga rijiya, alhali ba baƙi kunka yi ba ba biki ake ba. Masu mitar wuta ta kati su kan fara gani a yunit, masu janareta a kuɗin mai. Yawanci uwargida ce ke fara lura, sai a ce yara ne ke ɓarna da ruwa a yi ta musu faɗa a banza.

Bayan nan sai na ido da na hanci. Gindin bango ya yi duhu, fenti na kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri na fitowa, ɗaki na warin ruma ko da an buɗe taga, kafet ko darduma na danshi ta ƙasa, ƙafar kujera ko ƙasan wadrob na kumbura. Tayil ɗin da in ka ƙwanƙwasa yana ƙarar kamar babu komai ƙarƙashinshi, ko layin simintin da ke tsakanin tayil ya yi baƙi a wuri guda sauran duk fari. Gara ma alama ce babba, domin ita danshi take bi, in ka ga ta dage wa kusurwa ɗaya ana kashewa tana dawowa, ka tambayi kanka ina take samun ruwa. Sai waje: ciyawa kore shar a gindin katanga cikin watan Maris.

Gidana babu mitar ruwa, rijiyar burtsatse gare ni. Ta yaya zan gwada?

Tankinka na sama shi ne mitarka, kuma wanga gwaji ko sisi ba za ka kashe ba. Bayan isha'i a cika tanki a kashe sumo. A tara ruwan alwala da na bayi a butoci da bokiti tun da wuri, a gaya wa kowa har mai gadi cewa yau ba mai taɓa famfo ba mai danna fulashin har gari ya waye. Ka hau ka zura sanda busasshiya ka yi alama inda ruwa ya tsaya, ko ka auna da tef daga bakin tanki zuwa saman ruwa ka rubuta. Da asuba, kafin kowa ya tashi, ka koma ka sake aunawa.

Ga lissafin. Tankin da faɗinshi mita 1 ne, duk santimita 1 da ruwa ya sauka lita 8 ke nan ko kusa da haka. In faɗin ya kai mita 1.3 irin na manyan tankunan roba, santimita 1 ya kai wajen lita 13. Ke nan in ka tarar irin wanga babban tanki ya sauka santimita 4 cikin dare guda, jarka biyu ta 'yan ga-ruwa ta shige ƙarƙashin gidanka kana barci, kuma da rana ma haka take tafiya. Kar wani ya ce maka zafin Sakkwato ne ya shanye, tankin da ke rufe da murfi ba ya rasa ruwan da za a gani da sanda cikin dare ɗaya. Ka maimaita dare biyu ko uku don ka tabbata ba wani ne ya manta ya buɗe famfo ba.

In kuma kana cikin masu mita a layin ruwan gwamnati, abin ya fi sauƙi: ranar da anka kawo ruwa ka rufe komai ka tsaya ka kalli mitar, in tana motsi akwai inda ruwa ke fita.

Na gwada, tanki ya sauka. Shi ke nan a fasa daɓe?

A'a Alhaji, dakata tukuna. Sau da yawa ɓarawon na sama ba ƙasa ba. Fara da masai na zama: buɗe murfin tankinshi na baya ka zuba shuɗin wanki kaɗan, kar a danna, ka dawo bayan minti 20 ko 30. In ka ga shuɗi ya sauko cikin kwanon, robar ciki ta mutu, ruwa na zurarewa sokawe dare da rana ba ƙara ba komai. Wannan kaɗai na iya cinye ruwan da ya fi na fayif ɗin da ya tsage, kuma gyaranshi ba shi da tsada. Sai ka zaga famfunan tsakar gida, na wurin alwala, na bayan kicin, da gindin tankin kanshi inda soket ɗin fayif ke shiga roba. Famfon da ke ɗiga ɗigo ɗaya duk daƙiƙa yana iya zubar da wajen jarka guda a yini.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. In fayif ɗin da ke kawo ruwa daga sumo ta ƙasan tanki anka shigar da shi, kuma bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ya lalace, ruwan komawa yake cikin rijiya. Tanki na sauka, amma gidanka lafiya lau. Yadda za ka raba gardama: rufe bawul ɗin da ke fita zuwa gida ka sake gwajin dare. In har ya sauka, matsalar na tanki ne ko layin sumo. In ya tsaya cak, to cikin gida take, sai ka karanta amsa ta gaba.

Yaya zan gane wane layi ne cikin gidan?

Da rarrabewa. In Allah ya sa fulamban da ya yi aikin ya sa wa kowane sashe bawul nashi, kowane dare ka buɗe sashe ɗaya ka rufe saura: yau ɓangaren maigida, gobe na iyali, jibi kicin da tsakar gida. Daren da tanki ya sauka ka kama layin. In bawul ɗaya ne tal gidan duka, wanda shi anka fi gani, gara ka biya a yanka fayif a waje a sa biyu ko uku, wannan kuɗin ba asara ba ne ko bayan gyara.

Daga nan sai kunne da ƙafa. Tsakar dare in janaretoci sun yi shiru, ɗora bakin dogon sukundireba kan famfo ko bawul ka manna kunnenka a mariƙin, wani lokaci za ka ji wani siririn huci. Sai dai kar ka dogara da shi sosai, dalili na cikin amsar na'ura a ƙasa. Da sassafe kuma ka taka tayil ba takalmi, ka bi hanyar da kake zaton fayif ya bi, wurin da ke jiƙe ta ƙasa ya kan fi saura sanyi.

Tanki bai sauka ba ko kaɗan, amma danshi na nan. Mi ke faruwa?

To ba layin ruwa mai kyau ba ne. Wanda ake zargi na gaba shi ne fayif ɗin ruwan datti, shi ba ya yoyo sai lokacin da ake wanka ko wanke-wanke, shi ya sa gwajin tanki ba ya kama shi. Alamarshi wari, da kyankyasai, da danshi a bangon da ya haɗa bayi da ɗaki. Fulamba na iya toshe bakin fayif ɗin a ƙaramin ramin da ke waje kafin sokawe, a cika shi da ruwa daga bayi a tsaya a gani ko zai sauka. Kar a manta da ƙasan bayin kanshi, in layin tsakanin tayil ya zaizaye ko gefen magudanar ƙasa ya buɗe, duk wankan da anka yi wani kaso na shiga daɓe.

Saura kuma: sokawe da ya cika, naka ko na maƙwabci, tankin ƙasa na siminti da ya tsage (shi ma a yi mishi gwajin sanda daban), ruwan AC da ke ɗiga gindin bango wata shida ba tiyo, indararon da ke zubowa jikin gini, da fulawowin da Hajiya ta shuka manne da bango ana ba su ruwa safe da yamma. In duk ba su ba ne, sai a koma kan danshin ƙasa da ke hawa bulo saboda ba a sa leda ko wani abin tare danshi ba lokacin DPC, wato shimfiɗar da ake yi a gindin gini don hana danshi hawa.

Gwajin leda na taimakawa nan. Yanko leda mai kauri kamar faɗin ƙaramar darduma, shimfiɗa kan daɓe busasshe ka liƙe gefunan huɗu da salatif, bar ta kwana guda. In ka ɗaga ka ga raɓa ta ƙasanta ko daɓen ya yi duhu, daga ƙasa danshin ke tasowa. A kan siminti tsirara ya fi nunawa, a kan tayil sai dai ta layukan tsakani.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a bincika?

Rani. Nan mu mun yi sa'a, daga Nuwamba har wajen Mayu kusan ba a ganin ruwan sama, ga iskar hunturu da ke busar da komai sannan ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. Duk abin da ya rage a jiƙe cikin wanga yanayi akwai mai ba shi ruwa. Cikin Agusta kuwa ko'ina danshi ne, ba ka iya raba na sama da na fayif. Danshin da ke zuwa da damina ya tafi da kaka, na ruwan sama ne ko na ƙasa. Wanda ya zauna har rani ya yi nisa yana nan, ko yana ƙara faɗi, yoyo ne.

Farin garin nan na bango, in na kankare na sa sabon fenti ko na manna tayil ba shi ke nan ba?

Ba shi ke nan ba. Wancan farin gishirin da ke cikin siminti da bulo da ƙasa ne, ruwa ya narkar da shi ya fito da shi, ruwan ya bushe ya bar shi. Muddin ruwa na zuwa zai dawo ya ture fentin. Tayil a gindin bango kuwa, wanda ya zama yayi yanzu, rufe hanyar bushewa yake yi, sai danshin ya haura ya ɓullo saman inda tayil ya tsaya ko ya fito ta ɗaya ɗakin. A tsayar da ruwan tukuna, a kankare fulastar da ta ruɓe, a bar bango ya sha iska makonni, sannan a yi maganar kwalliya.

Mi ke sa fayif ya lalace alhali yana binne ba mai taɓa shi?

Mafi yawa a mahaɗa ne, wajen elbo da ti, wato mahaɗar kwana da ta raba layi. Gam ɗin fayif ɗin roba na PVC da anka shafa kan ƙura, ko anka saki ruwa bai gama kamawa ba, ko anka ɗumama bakin fayif da wutar takarda anka cusa wani ciki don a yi tsimin soket. PPR, wani irin fayif ɗin roba, shi da zafi ake haɗa shi, in injin bai yi zafi sosai ba ko ya wuce kima mahaɗar ba ta da ƙarko. Sai fayif mara kauri da anka saya don sauƙi, da wanda ya daɗe yashe a rana a wurin gini har ya yi gautsi, da ciko mai ɓaraguzan bulo da duwatsu da anka zuba kanshi kai tsaye lebura na bi da baro.

Tsofaffin gidaje masu fayif ɗin ƙarfe tsatsa ce ke cin su, ta kan fara daga wajen zare. Sai saiwar itace. Dogon yaro na da daɗin inuwa amma saiwarshi na bin danshi, da ta sami 'yar kafa a fayif ɗin datti sai ta shige ta buɗa shi.

Bangona ya tsage. Gidan zai faɗi ne?

Ba kowace tsaga ke da haɗari ba. Siraran nan kamar gashi da ke warwatse a fulasta, yawanci bushewar siminti ce, balle in an yi fulastar cikin zafi ba a ba ta ruwa ba. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, gefe ɗaya ya fi faɗi, ana ganinta ciki da waje, ga ƙofa ta fara cijewa, ga daɓe ya rabu da bango. Wannan na nuna ƙasar da ke ɗauke da ginin ta motsa.

Yadda ruwa ke yin ɓarnar ya danganta da ƙasar wurin. A rairayi da cikon da ba a daddage shi da kyau ba, ruwa na kwashe laushin ƙasar ya bar rami, daɓe ya zauna. A ƙasar laka irin ta wuraren da sunka gangara fadamar Rima, kumbura take in ta sha ruwa ta tsuke in ta bushe, sai gefe ɗaya na gida ya ɗaga ɗaya na nan. Gidan ƙasa na cikin gari shi ba ya ma jira, gindin bangon ke narkewa. Ka sa fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta, ka duba bayan sati biyu. In tana tsawo, ko faɗinta ya kai milimita 5, wannan ya wuce aikin birkila da cokalin siminti, a nemo injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya duba, kuma kar a kwana ƙarƙashin rufin kankare (dakin) da ya fara lotsawa.

Ance akwai na'urar da ke gano wurin ba tare da fasa ba. Gaskiya ne?

Akwai. Akwai ta saurare da ake ɗorawa kan daɓe, akwai kyamara mai nuna bambancin zafi da sanyi, akwai 'yar ƙaramar mai auna danshin bango, har da wata dabara ta hura iskar gas mara haɗari cikin fayif a bi inda take fitowa. Ba kowane fulamba ke da su ba, kuma ta sauraren na son ruwa mai ƙarfi. Tsawon mita 10 ne ke ba da matsin ruwa na bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), tankunanmu kuwa yawanci mita 4 ko 5 suke daga ƙasa, ga fayif ɗin roba ba ya kai ƙara nesa kamar na ƙarfe, don haka yoyon namu shiru yake yi.

Abin da ya fi samuwa kuma ya fi amfani shi ne famfon gwaji na hannu mai agogo. A toshe bakunan layi, a matsa ruwa ciki, a zuba wa allurar ido. In tana sauka layin nan ne. Duk fulamban da ya shigo ya kalli bango ya ce a fasa nan, bai tambayi tanki ba bai rufe bawul ko ɗaya ba, ka ba shi kuɗin mashin ka sallame shi cikin mutunci. Inda danshi ya ɓullo ba lallai nan ne ramin yake ba, ruwa na iya bin jikin fayif ya yi tafiya mai nisa kafin ya fito.

An gano layin. A tona a gyara ko a ja sabo?

Ni ra'ayina, in layin ruwa mai kyau ne kuma ba a san takamaiman wurin ba, a kashe shi kawai. A toshe shi ta kai da ƙafa a ja sabon PPR ta bayan gida a jikin bango, ya shiga bayi ko kicin ta huda ɗaya. Ba a taɓa tayil ba, wanda ma da wuya ka sami irinshi a kasuwa bayan shekaru, kuma gobe in ya yi yoyo da ido za ka gani. Sai dai a rufe shi ko a bi da shi ta gefen inuwa, in ba haka ba rana ta cinye shi, ruwan azahar kuma ya zama na shayi.

Fayif ɗin datti shi dole sai da gangara, ba kullum ake samun wata hanya ba, nan tonon kan zama tilas. In an tona a duba ko ruwa ya yi rami ƙarƙashin daɓe, a cike da yashi a daddage, a gwada layin da ruwa ana kallo kafin a rufe.

Yana shafar lafiya?

Sosai. Ruma na tayar wa masu asma da yara tari. Bangon da ya jiƙe in akwai soket ɗin wuta jikinshi yana iya jan mutum, in kun fara jin shokin a famfo ko bango a kashe wutar sashen a kira mai gyara. Wanda mutane ba su cika tunawa ba: fayif ɗin da ke fitar da ruwa ta rami, in ya zama wayam lokacin da babu ruwa yana iya zuƙo na waje ta wannan ramin. In kusa da sokawe ya bi, hanyar taifot da amai da gudawa ke nan. Ruwa ya canza launi ko wari, a daina sha sai an tafasa. Shi ya sa ake son tazara mai yawa, wajen mita 30, tsakanin rijiya da sokawe, abin da fili mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100 ba ya cika bayarwa, balle na maƙwabci na bayan katanga.

Haya nake, ko kuma daga gidan maƙwabci ruwan ke zuwa. Ya zan yi?

Ɗan haya ya ɗauki hoto da kwanan wata, ya yi gwajin tanki, ya kai wa mai gida ko wakilinshi da wuri. A al'ada abin da ke binne cikin gini na mai gida ne, kan famfo da robar fulashin na mai amfani, sai in takardarku ta faɗi wani abu daban. Kar ka fasa komai ba da izini ba. Na maƙwabci kuwa, ka tabbatar naka lafiya yake tukuna, sannan ka same shi bayan sallah ka ce Malam zo ka ga wani abu, ka nuna mishi da ido. In ta ƙi ci sai a sa limami ko mai unguwa.

Yanzu nake gini. Mi zan gaya wa fulamba?

Ka ce mishi duk fayif ɗin da zai iya bi ta waje ya bi ta waje, wanda ya zama dole ya ratsa ƙarƙashin ɗaki ya zama guda ba mahaɗa a tsakiya, a kwantar da shi kan yashi mai laushi a rufe da yashi. Inda zai huda fandisho a zura shi cikin wani fayif mafi faɗi don in gini ya zauna kar ya karye shi. Kowane bayi da kicin bawul nashi. A sa leda mai kauri kafin kankaren daɓe, a yi wa gindin gini dakali mai gangara waje, dogon yaro da sokawe a matsar da su nesa da bango iya yadda fili ya bari.

Ranar da za a zuba kankare ka zo da kanka ko ka turo wanda ka yarda da shi. A matsa ruwa a layin da famfon gwaji a bar shi awanni kana ganin allura, sannan ka zaga da waya ka ɗauki hoton kowane fayif da tef a miƙe daga bango, ka tura wa kanka da babban ɗanka a WhatsApp don kar ya tafi da wayar in ta lalace.